Neman kalma: me za mu kira "core" na injin waya?

Mai_Shiri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da ƙarfe goma na safe zan naɗi shirinmu na fasaha a rediyo, kan kwatanta injinan da ke cikin wayoyi: Snapdragon na Qualcomm, Helio da Dimensity na MediaTek, Exynos na Samsung, sai jerin A na Apple. Shi injin na riga na tsaya a kan "masarrafi". Inda na maƙale shi ne "core", wato ƙananan sassan da ke yin aikin a cikin masarrafin. Abin da nake son faɗa: Helio G99 yana da guda takwas, A17 Pro yana da guda shida, amma mai shidan ya fi mai takwas ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. To, guda takwas na me? Ku agaza min kafin dare.

Ƙanwar_Kowa:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka ce cibiya mana. Masarrafi mai cibiya takwas.

Injiniya:
Cibiya ɗaya ce a jikin abu, ita ce tsakiyarsa. Da ka ce cibiyoyi, hankalin mai sauraro zai tafi kan cibiyoyin bincike da na lafiya. Ni ƙwaya nake ganin ta dace. Muna da ƙwayar ido, ƙwayar zarra, ƙwayar halitta. Ƙaramin abu mai cin gashin kansa a cikin babba.

Malam_Nahawu:
Ku tsaya tukuna. Me ya sa kullum sai mun ari tsohuwar kalma mu ɗora mata kayan da ba nata ba, alhali harshen yana da hanyar ƙera sabuwa? Aikin wannan abu lissafi ne, ba wani ba. Daga buɗe muka sami mabuɗi, jam'i mabuɗai. Daga lissafa, malissafi, jam'i malissafai. Masarrafi mai malissafai takwas. Shekara da shekaru ina koyar da ɗalibaina da ita.

Mai_Shiri:
Allah ya gafarta Malam, ƙirar ta yi daidai, ba na musu. Tsorona kunne. Wanda ya ji malissafi a rediyo zai ɗauka kalkuleta ake nufi, ko mutumin da ya iya lissafi.

Malam_Nahawu:
Karin sauti ya raba su, ɗana, kuma jam'in ma ya raba su. Na mutum malissafa ne, kamar maɗinka. Na kayan aiki malissafai. Idan mai gabatar da shiri bai iya furta wannan bambanci ba, laifin ba na kalmar ba ne.

Ɗan_Gyara:
Ni da nake buɗe wayoyin nan kullum, ban taɓa jin wanda ya ce malissafi ba. Kowa furosesa yake cewa, kuma "okta-kwa" yake cewa idan guda takwas ne. Shi "core" ɗin a rubuta shi "kwa", a wuce wurin.

Malam_Nahawu:
Wannan kasala ce ta sa ake raina mu. Duk abin da ya zo sai mu haɗiye shi ɗanye, sannan mu dawo muna kukan an ce Hausa ba harshen kimiyya ba ce.

Hajiya_Mai_Fassara:
Malam, da girmanka, littafi da alƙalami daga Larabci suka zo, mota da tebur daga Ingilishi, kuma babu wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja. Aro ba abin kunya ba ne. Matsalar "kwa" daban ce: tana karo da "kwa" ɗinmu na "kwa zo gobe". A baki ba za ta zauna ba.

Malam_Nahawu:
Aron da kakanni suka yi sun narkar da shi. Na yanzu kwaikwayo ne don a ce mutum ya yi boko.

Ɗan_Gyara:
Ban yi boko mai zurfi ba, Malam, aikin hannu na koya. Wanda ke amfani da abu shi ma yana da hakki a kan sunansa.

Injiniya:
Don Allah mu dawo, bawan Allah yana da shiri gobe. Abin da ya fi damuna shi ne kalmar ta iya ɗaukar siffa, domin guda takwas ɗin ba daidai suke ba. A G99, biyu ne manya, Cortex-A76, shida ƙanana ne, Cortex-A55. A17 Pro kuma biyu na ƙarfi, huɗu na tsimin batir. Tun 2011 kamfanin ARM ya fito da wannan tsari na haɗa manya da ƙanana: ƙananan su riƙe saƙonni da kiɗa, manyan su tashi idan an buɗe wasa ko ana tace bidiyo. Har aka zo 2023 MediaTek ya fitar da Dimensity 9300 wanda duka takwas ɗinsa manya ne. Geekbench, manhajar gwada ƙarfin waya, tana ba da maki biyu, na guda ɗaya da na dukkansu a haɗe. Ga kuma ƙirar: ana kwatanta ƙanƙantarta da nanomita, G99 nanomita 6 ne, A17 Pro nanomita 3, ko da yake lambar yau sunan zangon ƙira ce fiye da awon wani abu. Gigahas, ma'aunin gudun masarrafi, ma haka, bugu biliyan ɗaya ne a daƙiƙa, amma aikin da ake gamawa a kowane bugu ya bambanta. Idan mai sauraro ya tashi da tunanin takwas ta fi shida, mun cuce shi. "Babbar ƙwaya" da "ƙaramar ƙwaya" suna shiga kunne nan take.

Hajiya_Mai_Fassara:
Na yarda, sai dai ƙwaya ita kaɗai tana da rauni biyu. Muna ƙirga da ita, don haka "ƙwaya takwas" zai fito kamar "guda takwas", mun koma gidan jiya. Sannan akwai ƙwayar magani da ta maye. A ƙara mata: ƙwayar aiki, ƙwayoyin aiki. "Masarrafi mai ƙwayoyin aiki takwas, biyu manya, shida ƙanana."

Ƙanwar_Kowa:
Wannan ta zauna, Hajiya. Na janye cibiya.

Malam_Nahawu:
Kalma biyu a inda ɗaya ta isa. Ban gamsu ba, kuma a ajina malissafi zan ci gaba da cewa. Amma tunda masarrafi ka riƙe ba furosesa ba, je ka yi shirinka.

Mai_Shiri:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya. Ƙwayar aiki zan ɗauka gobe, kuma sau ɗaya a farko zan ambaci sunan Turancin don masu gyara su gane. Saura ɗaya: idan waya ta yi zafi masarrafi ya rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, me za mu kira wannan?

Ɗan_Gyara:
Taka burki.

Injiniya:
Burki tsayawa yake kawowa, shi kuwa ba ya tsayawa. Sassauta gudu saboda zafi ya fi kusa.

Mai_Shiri:
Zan faɗe shi da cikakkiyar jimla gobe. Mu bar wannan a buɗe zuwa mako mai zuwa.