Neman shawara: ɗana ya fifita ƙwallon allo a kan ta fili

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye game da ɗana mai shekara 11, wanda a da ba ya fashin atisayen ƙwallon ƙafa, amma tun da ya samu na'urar wasan bidiyo ta PlayStation, wadda yake buga ƙwallo a allonta, takalman wasansa suke yashe a bayan ƙofa har ƙura ta rufe su.

Na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 kullum, don haka na ƙayyade masa awa ɗaya a gaban allo domin ya samu lokacin motsa jiki. Inda gizo ke saƙar shi ne, yana karawa da abokansa ta intanet, kuma idan lokaci ya cika ana tsakiyar wasa ya fita, ana lissafa masa rashin nasara, daga nan sai kuka da gardama. Da na ɓoye na'urar tsawon mako guda, ya je fili, amma ya tsaya a gefe yana kumbure-kumbure.

Shin in sharɗanta masa atisaye kafin wasan allo, ko hakan zai sa ya ɗauki motsa jiki tamkar horo? Kuma zai fi dacewa in ƙayyade adadin wasanni maimakon mintuna?