Neman kalma: labarin da ke ba da tsoro yana kuma yi wa gidan abinci shaguɓe

Mai Alƙalami, Jekadafari: Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu masu sana'ar abinci, taimako nake nema. Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da Turawa ke kira *satirical horror*, wasu marubuta kuma kan ɗora shi a kan aikin gidan abinci: kwastoman da ba ya ƙoshi, kicin mai haɗiye ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, maigidan da ba a ganin fuskarsa sai ranar yankan albashi. Tsoro ake ba mai karatu, amma manufar ita ce a tona yadda ake tatsar ma'aikaci. 'Yan gidan kallo kan ce "fim ɗin horo", to amma horo a Hausa ai ladabtarwa ne. Me za mu kira shi?

Malamin Hausa, Yalwa: Wa alaikumus salam. Rabi ɗaya na sunan, wato *horror*, ba wuya, "ban tsoro" ya riga ya zauna a bakin kowa. Ɗaya rabin ne ke da aiki, domin kalmominmu na suka cikin raha suna da yawa, kowace da gurbinta. Zambo na makaɗan fada ne: a kama mutum guda, galibi abokin hamayyar sarki, a siffanta muninsa yadda kowa zai gane shi. Barkwanci wasa ne da ba a riƙe shi a zuci, irin na Fulani da Barebari ko na taubasai. Gatse shi ne ka faɗi akasin abin da kake nufi. Habaici kuwa ba ya kama suna, a jefa magana a tsakar taro, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tunda irin wannan labari hali yake suka ba mutum ɗaya ba, ni na fi karkata ga habaicin ban tsoro.

Hajiya Mai Masa, Wunti: Malam, a gafarce ni, habaici ya yi sanyi. Habaici na kishiyoyi ne a bakin murhu. Wanda zai rubuta wannan labari ya fara sanin inda tsoron yake, don ba a maƙabarta yake ba, a cikin roba yake. Shinkafar masa jiƙa ta ake yi ta yi awanni, a kai niƙa, a haɗa da dafaffiyar shinkafa kaɗan da yis, a rufe ƙullun ya kwana. In zafin bazara ya yi yawa sai ya wuce tashi, ya yi tsami, ya tumbatso. In hunturu ne sai ya ƙi tashi sam, masa ta fito da nauyi kamar dutse. Tsamin ana karya shi da ruwan kanwa, amma in hannu ya zarce sai masa ta yi ja, ta yi warin kanwa, ba mai saye. Duk wannan kafin asuba ake gane shi, lokacin da ba sauran gyara, ga mutane za su fara layi da an fito masallaci. To ka rubuta ƙullun da ke ta tashi ba ya tsayawa, ana zuba shi a tanda ana juyawa roba ba ta raguwa, yarinyar da ke soyawa ba ta da izinin tashi sai ya ƙare. Wannan ba habaici ba ne, duka ne.

Mai Alƙalami: Hajiya, wannan misalin ya fi duk waɗanda na kawo. To wace kalma kike gani?

Hajiya Mai Masa: Ɗana, ni sana'a na sani, kalma sai malamai.

Manajan gidan abinci, Pantami: Bari in ƙara daga ɓangaren masu kai abinci tebur, don nan sukar ta fi kaifi. A wurare da yawa duk asarar da aka yi kan ƙaramin ma'aikaci take sauka. Faranti ya fashe, a cire a albashi. Kwastoma ya nuna hoton tiransifa a waya ya fita, alat bai shigo ba, a cire a albashi. An rubuta nama biyu an zuba uku, haka. Wuta ta ɗauke da dare, ba a tayar da janareta ba don tsadar mai, naman firiza ya saki ruwa ya fara wari. Ko miyar taushe mai gyaɗa ta kwana ba a tafasa ta ba ta yi tsami. Wanda ya hana sayen mai ba ya gaban kwastoma, yaron da ya ajiye kwanon ne zai sha zagi. Kuma dokar aikin ita ce kada fuskarsa ta canza. Wannan fuskar tana da suna a Hausa: yaƙe. Haƙora a waje, zuciya na ƙuna. Me zai hana a ce labarin yaƙe?

Malamin Hausa: Kai, Alhaji, ka taɓo wuri. Yaƙe ya haɗa ɓangarorin biyu a kalma ɗaya, domin kamannin dariya ne babu daɗin dariya, ƙoƙon kan mutum ma in aka tono shi yaƙe yake yi. Matsalarsa biyu. Wanda ya gani a bangon littafi ba zai san akwai dodo a ciki ba. Sannan masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, sai ya koma "yake", a karanta "labarin yake" a tsaya jiran sauran jimlar.

'Yar Jami'a, Tudun Wada: Malam, ni kuma "ban tsoro" ɗin nake wa tambaya. Abin da ke kama mai karatu a labarin kicin sau da yawa ƙyama ce, ba firgita ba. Wanke-wanke baho biyu ake ajiyewa ko uku, na kumfa da na ɗauraya, in ciniki ya kankama ba mai sauya ruwan har ya yi kauri, maiƙo ya taru a sama. Man suyan da aka maimaita har ya yi baƙi. Hannun mai wanke-wanke da omo ya cinye tsakanin yatsu. Ko "ban ƙyama" ya fi dacewa?

Manajan gidan abinci: Ƙanwata, kika sa "ban ƙyama" a bango ba mai ɗauka. Ƙyamar ta zauna a ciki, kamar yadda take zaune a bayan kicin.

Malamin Hausa: Haka ne. Kuma na karɓi gyaran Hajiya, habaici ya yi laushi, zambo kuma ya cika kama suna. Akwai ta tsakiya, wadda mai tambaya ya sa a taken maganarsa da kansa bai lura ba: shaguɓe. Ba ya ambaton kowa, amma ya fi habaici cizo, kuma ana yi wa hukuma da attajiri, ba kishiya kaɗai ba. Sai mu ce shaguɓen ban tsoro ga nau'in gaba ɗaya, ko a asibiti aka kafa labarin ko a tasha. Labarin yaƙe kuma a bar wa reshen da ya shafi masu hidimar jama'a, waɗanda murmushi ke cikin aikinsu.

Mai Alƙalami: Na karɓa, Allah ya ƙara sani. Saura sunan shi yaron da ke kai abincin. "Sabis" zan rubuta ko "yaron otal"?

Hajiya Mai Masa: In kana son labarin ya yi gaskiya kada ka ba shi suna. A wajen aiki "kai, zo nan" ake ce masa.