Tifar ma'adinai da cikakken lodi: da me take riƙe kanta a gangara?

Mai_Koyo:
Assalamu alaikum. Masana, ina da tambaya kan manyan tifofin nan na ramin ma'adinai, irin su Komatsu 930E da Caterpillar 797F. An ce wasunsu ba su da giyabos sam, alhali injin dizal ne a ciki. To me ke juya tayoyin? Kuma motar da ta ɗauko wajen tan 300, wane burki ne zai riƙe ta a gangara bai ƙone ba?

Injiniya_Wuta:
Wa alaikumus salam, Malam. A 930E injin ba ruwansa da taya, janareta yake juyawa. Wutar sai ta bi ta na'urar sarrafawa zuwa moto biyu na lantarki, ɗaya a kowace ƙafar baya. Idan aka shiga gangara direba ya taka ritada, wato burkin lantarki mai rage gudu, moto biyun nan sai su rikiɗe su zama janareta, nauyin motar ne ke juya su. Wutar da suka samar ana tura ta cikin wasu ƙarafa da ke wani akwati a gefen ɗakin direba, su ɗau zafi, fanka ta kore shi. Burkin faifai sai an kusa tsayawa ake taɓa shi.

Inda ake samun matsala: ƙarfin ritada yana raguwa idan gudu ya yi yawa. Duk wanda ya bari mota ta kwasa kafin ya taka, ya makara. Haka in fankar ta tsaya, ƙarafan za su ƙone. Shi ya sa kowace gangara take da gudun da aka ƙayyade mata.

Bakanike_797:
Ita 797F ba haka take ba, tana da giyabos mai giya 7. Injinta C175-20 ne, silinda 20, ƙarfin doki 4,000, lodinta tan 363. Burkinta faifai ne masu yawa a jere, a rufe, mai yana ratsa su yana kwashe zafi. Famfon man kuwa da injin yake tafiya, don haka tun a bakin gangara ake zaɓar giya ƙarama, injin ya riƙa juyawa da sauri. In ka sauko da babbar giya, mai ba zai zagaya sosai ba, zafi ya hau, faifai su cinye. Ido kan agogon zafin man burki, ba kan na gudu kaɗai ba.

Mai_Lura_da_Lodi:
Ku ƙara da batun lodi, don yawancin ɓarnar daga wajen mai zubawa take farawa. Caterpillar na da ƙa'idar 10/10/20: matsakaicin lodi kada ya wuce abin da aka tsara, lodin da ya haura da kashi 10 kada ya fi ɗaya cikin sahu goma, kuma ko sau ɗaya kada a haura da kashi 20. Tayar 797F, mai lamba 59/80R63, tsayinta wajen mita 4 ne, nauyinta ya fi tan 5, kuma zafi ke kashe ta: lodi mai yawa, gudu, da nisan hanya. Idan kwandon tifa ya taɓa wayar wuta ko tsawa ta faɗa mata, robar na iya ci gaba da dahuwa daga ciki har ta fashe bayan sa'o'i. A ajiye motar nesa da jama'a, kowa ya ja baya mita 300, sai bayan awa 24 a kusance ta.