Wa ya fi shan bugun kai a ƙwallon Amurka na jami'o'i?

Koci: Ni dai ina nan kan bakana. Mai cafe ƙwallo da mai jefa ta su suka fi shiga haɗarin jijjigar ƙwaƙwalwa. Mai cafewa idonsa na sama, wani ya taho a guje ya banke shi. Mai jefawa kuwa in an kayar da shi, ƙeyarsa ce ke dukan ƙasa.

Dakta: Koci, abin da kyamara ta nuna maka kake ƙirgawa. An sa na'urar auna bugu a hulunan kwanon 'yan wasan jami'o'in Brown, Dartmouth da Virginia Tech. A ƙarfin bugu ka yi gaskiya, mai gudu da ƙwallo da mai jefawa ne a gaba. A yawa kuwa 'yan layin gaba ne, wato masu jeruwa fuska da fuska da abokan karawa, da masu tsaron bayansu. Akwai wanda ya sha bugu 1,444 a kakar wasa guda. Goshi da goshi suke haɗuwa kusan duk lokacin da aka saki ƙwallo.

Koci: To Dakta, ƙaramin bugu ai ba jijjiga ba ne.

Dakta: Nan matsalar take. A binciken 2015 kan 'yan wasa 730, 'yan layin gaba na masu kai hari sun fi kowa faɗin cewa sun ji jiri ko ciwon kai bayan karo, ba a duba su ba, suka ci gaba da wasa. Wanda bai faɗi ƙasa ba, wa zai fitar da shi?

Hajiya: Ku yi haƙuri, kun manta da bugun buɗe wasa. A gasar Ivy ta wasu jami'o'in Amurka a 2015, kashi 6 ne kacal na wasa, amma ya kawo kashi 21 na jijjigar. Da aka matsar da wurin bugun daga yadi 35 zuwa 40 a 2016, adadin jijjigar ya sauko daga kusan 11 zuwa 2 cikin kowane bugun buɗe wasa 1,000.

Dakta: Haka ne, Hajiya. Kuma binciken 2021 ya nuna kashi 72 na jijjigar a atisaye suke faruwa, kusan rabi kafin a fara kaka.

Koci: Wannan na yarda, a rage karo a atisayen Agusta. Amma fa mai cafewa bugu ɗaya ya ishe shi.