Kawu zai sayar da fili don takarar majalisa a 2028, wa zai yi masa magana?

Ɗan Ƙanwar Ticha, Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya gane mutumin kada ya ambaci sunansa ko mazaɓarsa.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ticha kowa ke ce masa a unguwa, har liman. Ya haura shekara talatin yana koyar da lissafi a makarantun gwamnati a nan Kumasi ta Ghana, ya yi ritaya yana hedimasta. A layinmu da wuya ka shiga gidan da babu wanda ya sha bulalarsa, ko wanda ya biya wa kuɗin rajistar jarrabawa daga aljihunsa.

Gabanin zaɓen 2012 ya nemi tikitin ɗan majalisa a jam'iyyarsa. Deliget suka ci shinkafarsa, suka yi masa rantsuwa, suka zaɓi wani. Ya yi zuciya ya fita. A 2016 ya tsaya a wata ƙaramar jam'iyya, a 2020 ya tsaya indipenda. Duka biyun bai kai kashi 12.5 cikin 100 na ƙuri'un ba, don haka ko sidi 10,000 da ake ajiyewa a Hukumar Zaɓe ba a mayar masa ba. Na farkon da bashin asusun malamai ya yi shi, na biyun ya cinye dunƙulen kuɗin sallamarsa. A 2024 aikin ido ya zaunar da shi, muka ce alhamdu lillahi, abin ya wuce.

Ashe bai wuce ba. Yanzu filin gado da suke da shi da mahaifiyata a bayan gari yake son a sayar domin 2028. In ka buɗe baki sai ya ce Atta Mills malami ne, ya faɗi a 2000 da 2004 ya ci a 2008. Akufo-Addo ya faɗi a 2008 da 2012 ya ci a 2016. Mahama ma ya riƙe alli a Ghanasco ta Tamale kafin ya ci Bole-Bamboi a 1996. Sai ya rufe da cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Mahaifiyata ba ta iya musu da yayanta, ni kuwa ɗa ne. Shin akwai wata hanya da mutum irinsa zai ci, wadda mu ba mu gani ba? In babu, ta ina ake ɓullo masa?

Ejan na Rumfa, Aboabo

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na daɗe ina tsayawa ejan, wato wakilin ɗan takara a rumfa, ranar zaɓe 7 ga Disamba, bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa.

Mills da Nana Akufo-Addo sun faɗi, gaskiya ne, amma sun faɗi ne da miliyoyin ƙuri'u a hannu da jam'iyyar da ke da mutane a kowace rumfa daga Paga har Axim. Mills a 2008 da ƙuri'a wajen 40,000 kacal ya wuce, sai da aka jira sakamakon mazaɓar Tain. Mutumin da ke bakin ƙofa daban, wanda bai kai 12.5 ba daban. Kujerar majalisa kuma wanda ya fi kowa ko da ƙuri'a ɗaya shi ke ɗauka, na uku ba ya samun komai sai gaisuwa.

Sidi 10,000 ɗin nan ita ce mafi sauƙi a cikin kashe-kashen. Mazaɓar birni tana haura rumfa ɗari. Kowace rumfa kana bukatar ejan, gara ma biyu, wanda zai zo tun asuba, ya zauna har a gama ƙirga, ya sa hannu a takardar sakamako ya karɓo kwafinka. Za ka ciyar da shi sau biyu, ka ba shi na mota da na kati. Wannan rana ɗaya ke nan. Kafin ita akwai shekara guda cur ta suna da awure da adu'a, kowace Lahadi ambulan, kowane bes, wato majalisar hirar samari, ataya da suga da rigar bol. Wani bincike da ƙungiyoyin nazarin dimokuraɗiyya CDD-Ghana da Westminster Foundation suka yi ya nuna a zaɓen 2016 ɗan takara ya kashe kusan sidi 390,000 a matsakaici, ƙarin kashi 59 cikin 100 a kan 2012. Wancan lokacin dala ba ta kai sidi 5 ba. Kai ka lissafa na 2028, ka lissafa kuɗin filin.

Zai kawo maka misalin mazaɓar Fomena, na sani, kowane indipenda Fomena yake kawowa. Andrew Asiamah Amoako ya ci a 2020 yana indipenda, majalisa ta tsaya 137 da 137 tsakanin manyan jam'iyyu biyu, NPP da NDC, ya zama mataimakin kakaki na biyu. Amma shi yana kan kujerar ne tun 2017 a ƙarƙashin NPP, da ya ɓalle da mutanen jam'iyya ya tafi, su suka yi masa siket-an-bulawus: giwa, alamar NPP, a ƙuri'ar shugaban ƙasa, shi a ta majalisa. Ticha da wa ya fita lokacin da ya yi zuciya? Samia Nkrumah, da sunan uba irin wannan, ta ci mazaɓar Jomoro a 2008 a CPP, jam'iyyar mahaifinta, tun 2012 kujerar ba ta dawo hannunta ba.

Hajiya Mai Waake, Sawaba

Na gane Ticha, ba zan faɗi suna ba. Shi ya je har gidanmu ya hana a cire ni daga makaranta ina JSS 2, aji biyu na ƙaramar sakandare. Har gobe in na hango shi durƙusawa nake. Kuma ban zaɓe shi ba, ko sau ɗaya. Kada a ce butulci ne. Gotar bayan shagona duk damina ruwa take kawo mini har cikin kicin, wanda zai iya kiran Asambili, wato majalisar gunduma, a ɗaga wayarsa shi nake nema. Ticha in ya je majalisa shi kaɗai, a ina zai zauna, wa zai saurare shi?

Abu ɗaya da yake mantawa: 'yan makarantarsa ba a nan suke ba. Ajinmu, mata sun yi aure sun tafi Tafo da Nima da Techiman, maza rabi suna Italiya da Amurka. Suna turo masa momo, wato kuɗi ta waya, da kirari a WhatsApp, shi kuma yana ƙirga su a matsayin ƙuri'a. Sannan da ya zo kamfen gidanmu, wallahi darasi ya yi mana a kan kasafin kuɗi, har da takarda. Tsofaffin suka ce Allah ya ba da sa'a. Yana fita suka tambaye ni me ya bari.

Tsohon Direba, Akwatia Line

Ɗana, sannu da wannan nauyi. Ejan ya yi maka lissafin kuɗi, amma ba kuɗi kaɗai ba ne, har mai kuɗi ya sha faɗuwa a zango.

Iyayenmu sun taɓa yin tasu jam'iyyar, Muslim Association Party, a 1954, kuma a nan Kumasi tana da ƙarfi. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alfa Lardan zuwa Najeriya, a ƙarshen shekarar aka yi dokar hana jam'iyyar addini ko ƙabila. A 1969 kuma Firaminista Busia ya ba baƙi mako biyu su fita. Ina yaro na ga manyan motoci cike da maƙwabtanmu da tabarminsu. Mutanen da suka ga wannan sun koya wa 'ya'yansu cewa ɗan zango ba ya tsayawa a fili shi kaɗai, sai a inuwar wani babba. Shi ya sa mai laima, alamar NDC, ya riƙe laimarsa, wanda ya bi giwa tun zamanin mataimakin shugaban ƙasa Aliu Mahama ya riƙe giwarsa. Dubi mazaɓar Asawase: tun zaɓen cike gurbi na 2005 bayan rasuwar ɗan majalisarta Dakta Gibrine, Muntaka na NDC ke kai. Ba wai an rasa malamai da masu gaskiya a Asawase ba ne.

Maganar filin kuwa ba siyasa ba ce, gado ne. Mahaifiyarka tana da rabonta da Allah ya yanka mata. Kada kai ka tunkare shi, za a ce ba ka da kunya, kuma maganar ta mutu a nan. Ka nemi sa'ansa, wanda suka yi makarantar allo tare, ku je da liman.

Abokin Gyara

Ni dai ban yarda da yadda kuke yi wa bawan Allah ba. Kowa na kukan an mayar da siyasa kasuwa, in mai tsabta ya fito kuma ku ce ya koma gida. Dokar ƙasa ta ce ɗan ƙasa mai shekara 21 da rajista, wanda ya fito daga mazaɓar ko yake zaune a ciki, zai iya tsayawa. Ba ta ce sai mai tirela ba. Hajiya, gotar taki shekara nawa kina zaɓen mai ɗaga waya, an gyara?

In dai hidima yake so, zaɓen Asambili ba a yin sa da tutar jam'iyya, kuma unguwa ɗaya ce, inda kowa ya san shi. Can zai iya ci da ƙafarsa da fosta kaɗan.

Hajiya Mai Waake, Sawaba

An gyara rabi. Asambiliman kam zan zaɓe shi, har in dafa wa ejan ɗinsa kyauta. Amma ka san Ticha kuwa? Mutumin da ya saba hedimasta, ka ce ya je ya yi takara da yaron da ya koya wa sau-biyu-biyu?

Ɗan Ƙanwar Ticha, Kumasi

Na gode ƙwarai. Hajiya ta faɗi daidai, an taɓa kawo masa zancen Asambili, ya ce shi ba kwata zai je gyarawa ba, doka zai je yi. Baba Direba, akwai wani amininsa a Yalwa da yake jin maganarsa, zan kai masa goro ranar Juma'a bayan masallaci. Takardun filin suna akwatin mahaifiyata, na ce mata kada ta fito da su sai an zauna. Ejan, don Allah turo mini lissafin rumfunan nan dalla-dalla, da kuɗin abinci da na mota a farashin yau. Malamin lissafi ne, in ya ga lambobi a takarda zai duba.