Zaman uchi-deshi a makarantar aikido: da me ake fara shiri?

Sadiq_Fagge: Salamu alaikum. Masana aikido, mene ne bambancin uchi-deshi da ɗalibin da ke zuwa darasi ya koma gida? Mai niyyar zuwa Japan kuma, da me zai fara shiri?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Ma'anar kalmar ita ce ɗalibin cikin gida: a dojo, wato makarantar wannan wasan kare kai na Japan, yake kwana, a nan yake tashi. Kamar yaron maƙeri ne, sai ya daɗe yana zuga kafin a miƙa masa masaba. Shara, goge tabarma, girki, ninke hakamar malami (faffaɗan wandonsa na horo), duk a wuyansa suke. A Iwama, lardin Ibaraki, inda Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido, ya koma a 1942, almajirinsa Morihiro Saito ya riƙe wannan tsari har ya rasu a 2002: horo da makami da safe, horo da hannu da yamma. Takobin katako, wato bokken, yana da suburi (motsin da mutum ke maimaitawa shi kaɗai) 7, sandar jo tana da 20, ga kata, wato tsararren jerin motsi, mai motsi 31. Ka riƙe bokken da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sauran a sake. Mai damƙewa da yatsu duka, kafaɗarsa ce za ta ƙage, tafinsa ya yi bororo.

Hajara_K: Malam ya bar babbar magana: faɗuwa. Uchi-deshi shi malami ke kayarwa duk lokacin da zai nuna dabara, don haka ukemi, wato iya faɗuwa lafiya, za ka fara gyarawa tun a gida. In za ka mirgina gaba, lanƙwasa hannu kamar baka, jiki ya bi daga kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, haɓa a manne da ƙirji. Wanda ya dafa ƙasa da miƙaƙƙen gwiwar hannu, wuyan hannu ko kafaɗa ne zai biya. Wanda ya saki wuya kuwa, ƙeyarsa ce ke bugun tabarma. Sai shikko, tafiya a kan gwiwa. Yatsun ƙafa su kafe, dugadugai su tafi tare, juyi ya fito daga ƙugu. In ƙafa ta tsaya a baya, gwiwa ce ke murɗewa. Fara da minti 5 kullum, ka riƙa ƙarawa, in ba haka ba fatar gwiwa za ta saɓule tun makon farko. Kuma in an kama ka da nikyo, wato kamun da ke murɗe wuyan hannu, buga tabarma da wuri don a sake ka, ba wurin nuna jarumta ba ne.

Dan_Maradi: Kada a haɗa zaman uchi-deshi da senshusei na Yoshinkan, wani reshen aikido, a Tokyo. Wancan kwas ne na wata 11 da ke farawa a Afrilu, asalinsa don 'yan sandan kwantar da tarzoma. Dojo da yawa suna neman wasiƙar malaminka kafin su karɓe ka. Bizar ayyukan al'adu kuma ba ta ba ka damar aikin kuɗi sai da izini na daban, sai ka tanadi guzuri. Ɗan'uwa Sadiq, tun a wasiƙar farko ka ambaci salla, naman alade da mirin (giyar shinkafa) a girki, da gaisuwar sunkuyawa a durƙushe, domin kowane malami da yadda yake ɗaukar maganar.