Ɗana bakwaini mai ciwon huhu ya kai wata 16 bai fara magana ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan ɗana, wanda na haifa cikinsa yana da mako 27, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Ya yi kusan wata uku a sashen jarirai, mako biyar daga ciki na'ura ce take yi masa numfashi ta bututun da aka zura masa a maƙogwaro, kuma da robar oksijin a hanci muka koma gida, ba a cire ta ba sai da ya kai wata takwas. Likitoci sun ce ciwon huhun bakwaini ne mai daɗewa, suna rubuta BPD a katinsa. Yanzu watansa 16. Yana rarrafe, yana dafa kujera ya miƙe, amma ban da "ba-ba-ba" da "da-da" babu abin da yake faɗa, muryarsa kuma a dushe take, ko kuka yake yi sai na matso nake ji. Ɗiyar ƙanwata da aka haifa wata ɗaya da shi tana kiran mutanen gida da sunayensu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jiya na tsaya a bayansa na kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, sai da na zagayo ya ga fuskata sannan ya yi dariya. Ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ne, ko in ƙara haƙuri?

Wata dattijuwa:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Ki daina auna shi da ɗiyar ƙanwarki, domin ita ta cika watanninta a ciki, shi kuwa watannin farkonsa duk a kan neman numfashi suka ƙare. Ni a ganina ki ba shi lokaci, bakinsa zai buɗe.

Ma'aikaciyar jinya a sashen jarirai:
'Yar'uwa, Hajiya ta yi gaskiya a kan batun kwatance, kuma akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Cikakken ciki mako 40 ne, naki ya zo a mako 27, wato ya riga lokacinsa da mako 13, kimanin wata uku. Har yaro ya kai shekara biyu, ana cire waɗannan makonni kafin a duba inda ya kai, saboda haka a wajenmu ɗanki ɗan wata 13 ne. Ɗan wata 13 da yake gwaranci, yana dafa abu ya miƙe, bai yi nisa da sa'o'insa ba, tunda kalmar farko takan zo ne a wajen shekara ɗaya, haɗa kalma biyu kuma a wajen shekara biyu.

Inda na saɓa wa Hajiya, cikin girmamawa, shi ne zaman jira. Tun 1967 da likita William Northway ya bayyana wannan ciwo a Amurka ake bin diddigin yaran da suka yi shi, kuma an tabbatar jinkirin magana da na fahimta ya fi yawa a cikinsu, ko da an kwatanta su da bakwainin da huhunsu ya tsira. Dalilan a fili suke. Ƙwaƙwalwar tana tsakiyar girma ne a lokacin da oksijin ɗin jini yake hawa da sauka, numfashi da ƙyar yana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma, sannan watannin da jariri ya kamata ya yi yana jin muryar uwa a kusa, a cikin kwalba ya yi su, ƙarar na'urori a kunnensa. Duk da haka da yawansu suna kamo sa'o'insu, musamman waɗanda aka tallafa musu da wuri.

Rashin waiwayen nan shi ne abin da ba zan bari ya kwana ba. Jaririn da ya daɗe a kan na'urar numfashi, ko aka yi masa allurai irin su gentamicin da furosemide, yana cikin waɗanda jinsu kan samu matsala, wani lokaci ma bayan ya tsallake gwajin farko. Ki nemi a yi masa cikakken gwajin ji, har da wanda ake kira ABR, wanda ake manna wayoyi a kai yaro yana barci, a ga ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa. Dusashewar murya ita ma ki faɗa wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro, domin bututun da ya daɗe a maƙogwaro yakan bar rauni a jijiyoyin murya.

Wani uba:
Malama, na shiga irin halin da kike ciki da ɗiyata. Mu ma cewa aka yi mu jira, muka jira har ta haura shekara ɗaya da rabi, ashe ruwa ne ya taru mata a bayan dodon kunne saboda yawan mura, duk abin da muke faɗa kamar daga cikin rijiya take jin sa. Bayan an magance shi ne ta fara kwaikwayon magana. Har yau ina nadamar watannin da muka ɓata. Ki kuma nisanta shi da hayaƙi kowane iri da masu tari, saboda kowace kwanciya a asibiti sai da ta mayar mana da ita baya.

Mai aikin koyar da yara magana:
'Yar'uwa, kafin ranar ganin likita ki lura da fahimtarsa, domin ita take riga baki. Yana nuna abin da yake so da yatsa? Idan kika miƙa hannu kika ce "ba ni", yana miƙo miki? Yana ɗaga hannu idan baƙo zai tafi? Ki rubuta abin da kika gani ki tafi da shi, ki kuma nemi a yi masa gwajin ci gaban yara irin na Bayley, wanda yake auna fahimta da magana da motsi daban-daban.

A gida kuwa, ki riƙa zama fuskarki daidai da tasa. Idan ya ce "ba-ba", ki maimaita masa, sannan ki yi shiru ki jira, domin yaro mai raunin huhu yana buƙatar ya ja numfashi kafin ya sake fitar da sauti, mu manya kuma mukan yi gaggawar cike masa shirun. Ki ambaci sunan abin da idonsa yake kai, da kalma ɗaya ko biyu. Kada ki bar shi da waya ko talabijin da sunan koyon magana. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta yarda da zaman kallo ga yaron da bai kai shekara biyu ba. Ina so in san yadda cin abincinsa yake, saboda baki ɗaya ne yake tauna kuma yake magana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yana nuna kofinsa da yatsa, yana kuma miƙo mini abu idan ya ga hannuna a buɗe. Abinci kuwa, duk abin da yake da gudaji sai ya yi kakarin amai, ban taɓa kawo cewa yana da alaƙa da magana ba. Na duba katinsa, gwajin ji sau ɗaya aka yi masa, ranar da za a sallame mu. Gobe in Allah ya yarda zan je in karɓi ranar ganin likitan kunne, zan kuma faɗa masa batun muryar da na cin abincin.